Garin Kunun da Ya Ƙetare Rafi

Ku da aka ɗauka aiki bana, na ji abin da kuka faɗa a barandar ofis. Kun ce aikin Inna Kande ai zama ne: ta shimfiɗa tabarma a gidan mutane, a dama mata fura, ta sha, ta dawo ta yi ta tambaya kamar alƙali. Wadda ta faɗa tana sanye da farin gilashi, ta kuma ɗauka kunnena ya tsufa tare da gwiwata. Ban yi fushi ba. Maganar fura gaskiya ce, ina sha, in nonon mai kyau ne har ƙari nake nema. Sauran maganar nake so in gyara muku. Shi ya sa na ce a kawo biro, ina faɗa ana rubutawa, don ni ban taɓa shiga aji ba, ko allo ban wuce abin da zan yi salla da shi ba.

An ce a takarda sunan aikina wakiliyar jama'a a kwamitin duba bincike. Mutanen Kabo ba su da wannan dogon numfashi, mai tankaɗe suke ce mini. Idan masu binciken lafiya sun gama zagayensu suka ce ga abin da suka gano, ba a ɗaukar maganar haka kawai a ɗora wa matanmu da 'ya'yanmu. Sai an zauna an tankaɗe ta. Likita ya duba lissafi, mai ɗakin gwaji ya duba awo, ni kuma in duba ko abin da aka rubuta ya faru a cikin gidaje, haka ɗin ya faru.

A hannun uwar mijina na fara, Allah ya jiƙanta, ita ce ungozomar unguwarmu a Gwarzo. Ban koyi yankan cibi a wurinta ba, hannuna rawa yake yi, ta kuwa faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Abin da na koya zama ne. In muka shiga gida sai ta ce, "Kande, ba a zama inda aka shimfiɗa miki. Ki ja tabarmar zuwa inda za ki ga murhu da randa da ƙofar ɗaki gaba ɗaya." Ta ce mutanen gida za su gaya miki abin da ya kamata a faɗa wa baƙo, amma abin da aka ci jiya a bakin murhu za ki gan shi. Ba ta kuma yarda in jefa tambaya kafin gaisuwa ta ƙare, ko da gaisuwar za ta kai ga lafiyar akuya.

Aikin farko da na yi da masu bincike rakiya ce. Wasu ɗalibai suka zo daga Kano ƙidayar yara, suna so su san nawa aka haifa, nawa suka rayu. Maza ba sa shiga gida, 'yan matan kuma ba su san lungu ba, sai aka ce a nemo mace mai bakin sallama. Muka shiga wani gida a Kutama, yarinyar da nake raka ta tambayi matar gidan 'ya'yanta nawa. Matar ta lissafa su da suna, ta tsallake wani ƙaton saurayi da ke ɗaure jaki a tsakar gida. Da muka fito na ce, "'Yar nan, a ƙara ɗaya. Wancan ɗan farinta ne, ba za ta kama sunansa ba ko za a yanka ta." Yarinyar ta san kunyar ɗan fari, ita ma uwarta ba ta kiran yayanta da suna, amma ba ta zaci abin zai shigo cikin aikinta ba. Muka koma gidajen da muka wuce, ta sauya tambayar, tana cewa ban da babban, su nawa ne. Matar ba ta yi ƙarya ba, yarinyar ba ta yi ha'inci ba, amma da lissafin ya tafi Kano a haka, da kowane gida an binne yaro ɗaya da ransa.

A wannan aikin na haɗu da Likita Isiyaku, shi ne malamin ɗaliban. Bazazzagi ne, dogo, ga cin tuwo kamar an aiko shi. Kun san tsakaninmu da Zagezagi. Tun ranar farko na ce masa bawana, ya ce mini baiwarsa, muka shirya. Shi ya nuna mini cewa irin tambayoyin da nake yi da ka, akwai masana da suka zauna suka tsara su, suka jera a takarda, duk wanda zai karanta rahoton bincike sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda. Ya ce, "Inna, ke kina da rabi, takardar nan tana da rabi. Zan riƙa karanta miki ki riƙe da ka, tunda Kanawa ba abin da suka iya sai riƙo." Na ce abin da Bazazzagi ya iya ai ba zai gagari kowa ba.

Kayan aikina ke nan, waɗannan tambayoyi. Kada ku ɗauka haddace su na yi kamar karatu. Kowace sai da na nemo mata wurin zama a cikin abin da na sani. Da ya ce a duba yadda aka zaɓo mutanen da aka yi binciken a kansu, sai na tuna masu sayen dawa a kasuwar Gwarzo. Ba sa yarda da abin da ke bakin buhu, sai sun zura hannu har gwiwar hannu. In matan da ke zuwa awo da ƙafarsu kaɗai aka tambaya, bakin buhu aka ɗiba. Ta ƙauyen da babur ba ya shiga da damina tana can ƙasa ba a taɓa ta ba.

Wadda ta ba ni wuya ita ce ta gwadawa da waɗanda ba a ba su maganin ba. Na yi ta musu. Na ce in mutum ya sha ya warke, me kuma ya rage?

Ya ce, "Kin taɓa yin mura?"

Na ce na yi.

"Me kika sha?"

Na ce ban sha komai ba, barkono na ƙara a miya.

"Kin warke?"

Na ce na warke, shi kuma ya yi ta dariya har da buga cinya. Tun daga ranar, in aka ce mini an sha an warke, sai in ce waɗanda ba su sha ba fa, su yaya suka ƙare?

Akwai ta ƙuri'a, wato kada mai bincike ya zaɓi wanda zai ba wa da son ransa, don hannu yana karkata wajen mai fara'a da mai tsafta, su kuwa dama sun fi samun sauƙi. Akwai wadda ke cewa mai awo kada ya san wa ya sha wa bai sha ba. Wannan kowace matar aure ta san ta. Ki ba miji miyarki ki ce daga ɗakin uwarsa aka kawo, ki ga yadda zai suɗe kwano. Wadda na fi so kuwa ita ce, waɗanda aka fara da su, suna ina a ƙarshe? Da ita na taɓa zuwa wurin wani mai maganin basir da ke ihu da lasifika ranar kasuwa, yana cewa an gwada maganinsa, duk wanda ya sha ya dawo ya yi godiya. Na ce, "Malam, waɗanda suka sha bai yi musu ba fa?" Ya kashe lasifikar ya ce, "Haba Inna, su ai ba sa dawowa." Na ce na gode, amsar da na zo nema ke nan. Har goro ya ba ni.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai ɗalibai masu sauri, su so suke a ce musu ya yi. Akwai masu farar mota, su kuma sai na tambayi wa ya aiko su, me kuma zai samu in amsar ta faɗo gefensa. Ba zargi ba ne, tana cikin tambayoyin. Na kirkinsu ba sa jin haushi.

Aikin da nake so ku kasa kunne a kai shi ne na Sa'adatu. Ungozomar asibiti ce, 'yar gidan malamai a Kabo, mahaifinta yana koyarwa a Islamiyya. Ta gaji da ganin masu ciki suna zuwa awo ido fari fat, jini ya yi ƙasa. Sai ta haɗa wani garin kunu: gero, soyayyen waken soya, gyaɗa, da busasshen zogale. Ba ta ce a bar ƙwayar ƙarin jini ba, ƙari ne a kai. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya yarda a riƙa niƙawa ana rabawa, da sharaɗin a gwada a gani. In ya nuna amfani a ci gaba, har a kai wasu mazaɓu. In bai nuna ba a rufe.

Ta zaɓi ƙauyuka biyu a yankin Masanawa, rafi ne kawai a tsakaninsu. Ba zan kama suna ba, mu ce Hayin Gabas da Hayin Yamma. Dalilinta mai kyau ne, Likita ma ya yaba. Ruwansu ɗaya, abincinsu ɗaya, wahalarsu ɗaya, in aka ga bambanci ba za a ce wani abu ne ya kawo shi ba sai garin. Aka jefa ƙwandala a gaban masu unguwanni, ta faɗa wa Gabas. Matan Gabas suka riƙa karɓar gari da ƙwaya, matan Yamma ƙwaya kawai. Mai ɗakin gwaji bai san wane jini ne na wane hayi ba. Ni a lokacin ina ɓangaren Gwarzo da wani aikin, labari kawai nake ji.

Ita ce shekarar da nake kira mummuna, ba don an yi fari ba, damina ma ta yi albarka. Sakamako ya fito: jinin matan Gabas ya ɗaga, na matan Yamma ma ya ɗaga, kusan kai ɗaya. Shugaban sashen lafiya, wanda Alhaji kawai muke ce masa, ya ce to magana ta ƙare, a kawo rahoto ranar zaman kwamiti, a sa hannu, a rufe injin niƙa. Aka kira ni tankaɗe. Na tarar da Sa'adatu a ofishin Likita ta rame, kai ka ce ita ce mai ƙarancin jinin.

Likita ya ɗauko takardarsa muka fara bi. Ƙuri'a, an yi. Mai awo, bai sani ba. Waɗanda aka fara da su, kusan duk suna nan. Yarinyar ta yi aiki mai tsafta, ban ga inda zan sa yatsa ba. Sai ya zo kan wata tambaya da ke can ƙasa. Ya ce, "Waɗanda ba a ba wa ba, an tabbata ba su samu ba?"

Sa'adatu ta ce, "Na tambaye su, Dakta. Duk zuwa awo sai na ce, asibiti ya ba ki gari? Su ce a'a."

Na ce, "Sa'adatu, matan Hayin Gabas 'ya'yan ina ne?"

Ta ce, "Ban gane ba, Inna."

"Kafin a kawo su ɗakin miji, a ina aka haife su?"

Ta yi ɗan tunani, ta ce ita dai takan ji suna cewa za su ƙetare gida su dawo.

Likita ya ajiye biro ya ce, "Baiwata, kin shinshino wani abu."

Na ce ban shinshino komai ba tukuna, hanci ba ya aiki a ofis. A ba ni babur, a ba ni Sa'adatu, amma ta cire farin kayan nan ta ɗaura atamfa.

Muka dace ana suna a Hayin Yamma. Gida cike da mata, ana ta sannu da arziki. Muka yi gaisuwa har ta ƙare, na ja tabarmata inda zan ga murhu. Aka kawo mana kunu a ƙwarya da ludayi. Launinsa ya ɗan yi kore, ga ƙamshin soyayyen wake. Na kurɓa, na miƙa wa Sa'adatu. Ta kurɓa, ta tsaya da ludayin a baki tana kallona.

Na ce wa uwar mai jego, "Yaya, wannan kunu ai na manya ne. Wa ya iya haɗi haka?"

Ta ce, "Ai garin asibiti ne. Ƙanwata ce ta aiko daga ƙetare."

Nan aka buɗe mana labari, ana dariya, kowace tana ƙari a kan na 'yar'uwarta. Tun iyaye da kakanni hayin biyu juna suke aure. Mai ciki a Gabas, yayarta tana Yamma da nata cikin. Ta karɓo gari ta dama ta sha ita kaɗai, da wane idon za ta kalle ta ranar biki? Sai ta raba leda biyu ta aika da rabi. Masu cikin fari kuma, in ciki ya tsufa, gidan iyaye ake mai da su goyon ciki. Ta Gabas ta ƙetare Yamma da garinta a ka, uwa ta ɗora babbar tukunya, duk mai ciki a gidan ta sha, har tsohon gidan ya miƙo kofi ta kan danga. Ta Yamma kuma ta koma gidan ubanta a Gabas, inda garin yake. Wata ma ta ce da suka ɗanɗana suka gane abin da ke ciki, sai suka riƙa haɗa nasu, zogale ai ga shi nan a bayan kowane ɗaki.

Sa'adatu ta ce, "Amma ai na sha tambayarku."

Wata mai baki ta ce, "Malama, mun ji tsoro ne kada a ce 'yan'uwanmu sun yi laifi a daina ba su. Kuma ai ba asibiti ya ba mu ba. Ki sha kunun, naki ne, mun gode."

Muka tattare zani muka ƙetare zuwa Gabas, wurin Gwaggo Ladi, shugabar mata, wadda aka damƙa wa rabon garin. Tana tsinke zogale a faifai, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "'Ya'yana mata uku, biyu suna nan, ɗaya tana ƙetare, duk da ciki. Ki ce in ba biyu in hana ɗaya don ƙwandala ta faɗi ta wani gefe? In kun sake kawowa gobe, gobe zan sake aikawa, a gabanki." Na ce gaskiyarki, Gwaggo, ni ma da haka zan yi.

A hanyar dawowa muka tsaya gindin wata ɗorawa mai babur ya duba taya. Sa'adatu ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta ce, "Inna, ashe yana aiki. Duk sun sha, duk jininsu ya ɗaga. Shi ya sa ba a ga bambanci ba."

To nan ne aikin yake, ku masu cewa zama ne. Gano kunu a gidan suna kowa zai iya, in dai yana da harshe. Abin da ke da wuya shi ne ki dubi yarinyar da kike so, tana murna, ki zuba wa murnar ruwa.

Na ce, "Yaushe kika fara awo?"

Ta ce, "Tsakiyar damina."

"Lokacin da rumbu ya yi ƙasa ke nan. Yaushe kika gama?"

"Bayan kaka."

"Da kaka wa ke kwana da yunwa? Wake ya shigo, gyaɗa ta shigo, sauro ya ja baya. Ƙwaya kuma duk suna sha. Ta ina kika san garinki ne?"

Ta ce, "Inna, ke wai da wa kike?"

Na ce, "Da matan da za su sha. Aikin nan bai ce garinki ba shi da amfani ba. Bai kuma ce yana da shi ba. Bai ce komai ba, tukwane biyun da kika ɗora sun zube cikin juna."

Ta ce in ta je ta ce wa Alhaji ba ta sani ba, rufewa zai yi. In kuwa ta ce duk sun sha duk sun samu sauƙi, magana ce mai daɗin ji, kuma ba ƙarya a ciki. Maganar kaka wa zai tuna da ita?

Na ce, "Ni zan tuna, ina zaune a wurin. Amma na fi so ta fito daga bakinki."

Ta juya mini baya ta hau babur, muka kama hanyar Kabo.

Ranar zaman kwamiti aka cika ɗakin taro. Alhaji ba mugu ba ne, mutum ne mai asibitoci da yawa a wuyansa, kowanne da kukansa. Tun kafin a fara ya ce shi e ko a'a yake so ya ji. Sa'adatu ta miƙe. Ta ba da labarin rafi, da goyon ciki, da Gwaggo Ladi, mutane suna murmushi. Ta kai inda ta ce duk sun sha, duk jininsu ya ɗaga. Na ga Alhaji ya gyaɗa kai ya jawo biro. Ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Sai ta ja numfashi ta ci gaba. Ta faɗi maganar kaka, da ta sauro, da ta ƙwaya, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da zan iya faɗa shi ne ban sani ba. Gwajin ne ya lalace, ba a kai ga auna garin ba."

Alhaji ya ajiye biron. Ya ce, "Kin san da kin tsaya can baya da yanzu na sa hannu?"

Ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Ya juyo wurina. "Inna, ke me kika gani?"

Na ce, "Na ga kunu inda bai kamata ba, na kuma sha."

Aka yi dariya. Likita ya ce a rubuta cewa Inna ta sha ludayi ya fi goma, shi ya sa rahotonta ya yi kauri. Na ce a rubuta cewa Bazazzagi yana baƙin ciki don ba a ajiye masa ba. Da ɗakin ya lafa, Alhaji ya ce shi ma uwarsa 'yar wajen ce, ya san in an yi layya cinya ɗaya ƙetare take tafiya, bai san yadda aka yi bai tuna ba. Ya ce kullum ana kawo masa takardu kowace tana cewa an yi nasara, har ya daina gane wacce zai yarda da ita. Wadda ta iya tsayawa gabansa ta ce ba ta sani ba, in ta dawo ta ce ta sani, zai yarda. Ya yanke cewa ba za a rufe injin ba. Hayin biyu a riƙa ba su a fili, a huta da ɓoyo. A sake gwaji a wasu ƙauyuka biyu masu nisa da juna, waɗanda ba surukuta a tsakaninsu, wanda ƙuri'a ba ta faɗa wa ba kuma a yi masa alƙawarin nasa rabon in an gama. Ya ce, "Nemo su kuma aikin Inna ne."

A bakin ƙofa Sa'adatu ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, da na dube ki me ya sa kika kalli sama?" Na ce yanar gizo na gani, ofishin nan ba a shara.

Nemo ƙauyuka biyu a ƙasar Kabo da Gwarzo da ba su taɓa ƙulla aure ba, ku gwada ku gani. Wayar hannunku ba za ta nuna muku ba. Na tafi wurin Asabe dillaliya, mai sayar da kayan ɗaki, don ta san inda kowane gado ya sauka. In na kama sunan gari biyu sai ta ce, "A'a, Inna, can na kai gado da katifa bara." In kama wasu ta ce, "Waɗannan ai kwalla ɗaya suke juyawa tsakaninsu." Na bi masu kitso, na bi masu guɗa, na bi masu kai amarya. Ƙafata ta kumbura, wani ɗan acaɓa mai suna Sale shi ya riƙa yawo da mu daga wannan gari zuwa wancan, ni da Sa'adatu, har ya san inda kowane rami yake. A ƙarshe muka samu: ɗaya bayan Kutama, ɗaya can ƙarshen ƙasar Kabo. Kasuwarsu daban, rafinsu daban, Asabe ta rantse ko tabarma ba ta taɓa kaiwa daga wannan zuwa wancan ba. Sale ɗan na bayan Kutamar ne, shi ma ya tabbatar.

Ranar jefa ƙuri'a masu unguwannin biyu suka zo, karon farko ke nan da suka ga juna. Na lura gaisuwarsu ta yi tsawo fiye da ta baƙi, har da riƙe hannu ana sunkuyawa. Na matsa na ce, "Lafiya, ranku ya daɗe?" Na bayan Kutama ya yi murmushi ya ce ai abin arziki ne ya samu. Sale, wanda ɗan ƙanensa ne, a yawon nan da ya riƙa kai mu, ya ga wata yarinya a ɗaya garin tana ba mu ruwa. An kai gaisuwa, an karɓa, an sa rana.

Likita ya zame daga kan benci don dariya. Ya ce, "Baiwata, duk ƙasar nan gari biyu ne suka rage ba aure, ke kika haɗa su."

Na buɗe baki zan yi magana, Sa'adatu ta riga ni. Ta ce gida biyu ne kawai, an san su tun kafin a fara. A ware su daban, a riƙa leƙa su, a kuma faɗa a rahoto ƙarara don duk wanda zai karanta ya sani. Ta ce a sauya tambayar ma, a daina cewa asibiti ya ba ki, a ce kin sha, daga ina, da ke da wa. Na rufe bakina, don ba abin da zan ƙara.

Har yanzu ana awo. Kada ku tambaye ni ko garin yana aiki, ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Amma inji yana niƙa, kuma wannan karon in amsa ta zo, ko e ko a'a, za a iya tsayawa a kanta. Ku ne za ku shiga waɗannan gidaje, shi ya sa na ɓata muku lokaci da wannan dogon labari.

Ƙuri'a garin amarya ta faɗa wa, wato can ake raba gari, garin ango ba a rabawa. Da aka zo biki ina cikin masu kai amarya, a gaban mota aka sa ni. Aka sauke gara a tsakar gidan su Sale, buhu-buhu da kwalla-kwalla, mata suna ta yabo. Na ce a dakata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa ina shinshinawa, uwar ango tana biye da ni tana cewa, "Inna, me ya ɓace?" Akwai shinkafa, akwai garin masara, akwai nakiya da alkaki. Babu zogale. Sannan na kama hanci na saki guɗa.